Kwalba ɗaya, farashi uku: me ke hana kuɗin abinci daidaituwa a harabar jami'a?

Da wuya a sami babbar jami'a a duniya da ɗalibanta ba su yin wannan ƙorafin. Kwalbar ruwan da aka saya a ɗan kantin da ke ƙasan laburare, idan aka taka zuwa babban ɗakin cin abinci sai a tarar da ita da wani farashi, injin sayar da lemo da ke bakin ɗakin lacca kuma shi ma da nasa. Kamfani ɗaya ne ya yi ta, girmanta ɗaya, tafiyar da ke tsakanin wuraren ba ta wuce ta minti biyar ba. Wani lokaci ma ba sai an canza wuri ba. Allon bango ya rubuta kaza, na'urar mai karɓar kuɗi ta nuna kaza, wanda ke gabanka a layi kuma ya biya ƙasa da kai alhali abin da ke farantinku iri ɗaya ne.

Abin da ke fara zuwa zuciyar ɗalibi shi ne ana cutarsa, kuma ba kullum yake kuskure ba. Sai dai kalmar cuta tana haɗa abubuwa da dama a buhu ɗaya. Akwai bambancin da ya samo asali daga abin da mai sayarwa ke kashewa, akwai wanda aka tsara da gangan, akwai kuma wanda sakaci ne tsagwaronsa. Wanda bai rarrabe su ba zai ƙare da yi wa ma'aikaciyar da ke bakin na'ura faɗa, ita da ba ta da ta cewa a kan ko kwabo.

Jami'a ba mai sayarwa ɗaya ba ce

Ɗalibi yana ganin tambarin jami'a a ƙofar kowane wurin cin abinci, don haka yana ɗauka hannu ɗaya ne ke juya su duka. A zahiri harabar babbar jami'a kasuwa ce mai masu sayarwa da yawa da ba su ga maciji da juna a lissafi. Wani ɗakin jami'ar ce ke tafiyar da shi da ma'aikatanta. Wani an ba ɗan kwangila. Shagon kofi na iya zama reshen wani sanannen kamfani da ke biyan kuɗin amfani da suna. Ƙungiyar ɗalibai tana da nata kantin. Injinan lemo da ƙananan kayan ƙwalam na wani kamfani ne dabam, wanda ma'aikacinsa ke zuwa ya cika su ya kwashe kuɗi ya tafi. Sannan ga ƙananan 'yan kasuwa da suka karɓi haya a wani lungu.

A ƙasashe da yawa manyan kamfanoni ƙalilan ne suka mamaye harkar ciyar da makarantu, asibitoci da ofisoshi. Uku sun fi fice: Sodexo na Faransa, wanda Pierre Bellon ya kafa a birnin Marseille a 1966, da Compass Group na Birtaniya, wanda reshensa Chartwells ke kula da makarantu, da Aramark mai hedikwata a Philadelphia ta Amurka. Yadda jami'a ta ƙulla yarjejeniya da irin waɗannan kamfanoni shi ne ke yanke abin da za a rubuta a allon farashi, fiye da kuɗin shinkafa ko madara a kasuwa.

Kwangilolin sun kasu gida biyu a dunƙule. A na farko jami'a ce ke ɗaukar riba ko asara, kamfani kuwa ladan gudanarwa kawai ake biyansa. A nan jami'a na da bakin magana a kan farashi, tana iya cewa kada a ɗaga. A na biyu kamfani ne ke ɗaukar riba da asara, shi kuma yana ba jami'a kamasho daga duk cinikin da aka yi, sau da yawa har da alkawarin wani adadi da ba za a gaza ba ko ciniki ya yi kyau ko bai yi ba. Ƙari a kan haka, kamfanoni kan zuba kuɗi tun farko su gyara ɗakin cin abinci ko su gina sabo, sannan su fanshe kuɗinsu a hankali cikin shekarun kwangilar. Ranar buɗe ginin ana yanka kyalle ana tafi, amma bashinsa a farantin ɗalibai yake zaune.

A ɗauki lambobi na misali, ba na wani wuri ba, don a ga yadda kamasho ke aiki. Shaguna biyu sun sari kwalbar lemo a kan 60. Na farko na ƙungiyar ɗalibai ne, ba ya biyan haya, sai ya ɗora 20 don albashi da wutar firji, ya sayar 80. Na biyu yana ba jami'a kashi 15 cikin 100 na cinikinsa. In yana son 80 ɗin nan ta rage a hannunsa, dole ya sayar kusan 94. Idan kuma reshe ne da ke biyan wani kashi 10 ga mai suna, farashin ya doshi 107. Babu wanda ya ci ribar da ta fi ta ɗan'uwansa a cikinsu, amma tazarar da ɗalibi ke gani ta kai kashi ɗaya cikin uku. Abin lura a nan, wani ɓangare na ƙarin aljihun jami'ar da kanta ya shiga, ita da ɗalibin zai kai wa ƙara.

Abin sha ya fi abinci rikici

Idan aka bi ƙorafe-ƙorafen nan ɗaya bayan ɗaya, za a ga sun fi yawa a kan abin sha. Dalili na farko mai sauƙi ne: kwalba ana iya kwatanta ta. Faranti biyu na abinci ba sa zama iri ɗaya sak, amma gwangwanin lemo na mililita 330 ko'ina shi ne, don haka ido ke saurin kama bambanci.

Dalili na biyu ya fi zurfi. A harkar sayar da abinci, dafaffen abinci ribarsa siririya ce. Ƙa'idar da masu sana'ar ke bi ita ce kayan girki su ci kusan kashi ɗaya cikin uku na farashin faranti, albashi ya ci kusan wani kashi ɗayan, sauran ya biya wuta, ruwa, gyaran kaya, abin da ya lalace da ɗan abin da zai rage. Abin sha kuwa ba ya buƙatar mai dafawa, ba ya saurin lalacewa, kuma wanda ake tsiyayowa daga famfon inji, wato ruwa da iskar gas da ɗan sinadarin zaƙi, kuɗin haɗa shi kaɗan ne ƙwarai. Saboda haka wurin da aka matsa masa ya riƙe farashin abinci a ƙasa, ta kan abin sha yake fanshewa. Shagon da ba ya girki ba shi da wannan nauyin, yana iya sassautawa. Shi ya sa za ka ga ɗakin da ya fi arhar abinci shi ne ya fi tsadar lemo, abin ya zama kamar rainin hankali alhali lissafi ne.

Akwai kuma yarjejeniyar keɓewa. Tun shekarun 1990 jami'o'i da dama, musamman a Amurka da Kanada, suke sa hannu da Coca-Cola ko PepsiCo a kan cewa kayan kamfani ɗaya kaɗai za a sayar a harabar na tsawon shekaru, galibi kusan goma. Kamfani yana biyan jami'a kuɗi masu kauri, yana tallafa wa wasanni, yana ba da kamasho daga injinan sayarwa. Abin da aka sayar masa shi ne rashin abokin gogayya. Irin wannan yarjejeniya kan ƙayyade farashin da shaguna za su sari kaya, wani lokaci har da na inji, kuma shagon da ke ƙarƙashinta ba shi da ikon zuwa wani dillali ko da ya fi arha. Wanda ke bakin ƙofar jami'a ta waje kuwa yana saye duk inda ya ga dama. Ba kowace jami'a ce ta haɗiye wannan ba tare da gardama ba. A 2015 Jami'ar Jiha ta San Francisco ta janye daga shirin ƙulla irin wannan yarjejeniya bayan ɗalibai sun tayar da ƙayar baya.

Gwamnati ma tana da hannu a cikin kwalbar. Meziko ta sa harajin peso ɗaya a kan kowace lita ta lemo mai sukari a 2014. Birtaniya ta fara nata a watan Afrilun 2018, mai hawa biyu, ɗaya ga abin shan da sukarinsa ya kai giram 5 a mililita 100, mafi tsada ga wanda ya kai giram 8. Wani mai shago yakan ɗora harajin a kan lemo mai sukari kaɗai, wani kuma ya baza shi a kan duk abin da ke firji don farashi ya zama bai ɗaya. A Jamus akwai ajiyar senti 25 a kan kwalaben roba da gwangwanayen da ake amfani da su sau ɗaya, wadda ake mayar wa mutum idan ya dawo da kwalba. Inda aka rubuta ta dabam da farashi, baƙon ɗalibi sai ya ga an caje shi fiye da abin da ya karanta.

Sai wani kuɗi da ba ya bayyana ko a allo ko a rasit. Manyan kamfanonin ciyarwa suna sayen kaya da yawan gaske, don haka masu kawo musu kaya kan mayar musu da wani kaso a bayan fage. Tambayar ita ce wa ya kamata ya ci wannan rangwamen, kamfani ko makarantar da aka yi sayayya da sunanta. A 2010 Sodexo ya amince ya biya dala miliyan 20 don sasanta zargin da jihar New York ta yi masa na riƙe irin wannan kuɗi da ya kamata ya koma ga wasu makarantun gwamnati da tsarin jami'o'in jihar. Wannan shari'a ta nuna cewa ko kuɗin da aka ce an sayo kaya, wanda a kansa ake gina farashi, ba lallai ne ya zama shi aka biya a ƙarshe ba.

Wa ke saye?

Wani bambancin ba daga shago yake ba, daga mai saye yake. Masanin tattalin arziki Arthur Pigou ya fayyace wannan tun 1920: mai sayarwa na iya karɓar kuɗi daban-daban a kan abu ɗaya gwargwadon rukunin mutanen da ke gabansa. Ana kiran abin wariyar farashi, suna marar daɗi, amma a jami'a sau da yawa don amfanin ɗalibi ake yin sa.

Jamus ce misali mafi tsabta. Ɗakunan cin abinci na jami'o'inta, waɗanda hukumomin jin daɗin ɗalibai ke gudanarwa, kan rubuta farashi uku a gaban kowane abinci: na ɗalibi, na ma'aikaci, na baƙo. Na ɗalibi ya fi arha saboda gwamnatocin jihohi na ba da tallafi, ɗalibai kuma na biyan wani kuɗi kowane zango. A Faransa, cibiyoyin Crous, masu kula da jin daɗin ɗalibai, sun fara sayar da cikakken abinci a kan yuro 1 ga ɗaliban da ke karɓar tallafin karatu a 2020, lokacin da sauran ke biyan yuro 3.30. Mutum biyu a layi ɗaya, tire iri ɗaya, ɗaya ya biya fiye da ninki uku na ɗayan, amma ba a jin kowa na cewa an yi masa rufa-rufa, domin an san ƙa'idar, an san wanda ya sa ta, an kuma san dalili.

Birtaniya tata ta fi sarƙaƙiya. Abincin da jami'a ke sayar wa ɗalibanta da kanta an yafe masa harajin VAT, saboda ana ɗaukarsa wani ɓangare na hidimar ilimi. Ma'aikaci ko baƙo kuwa ana ɗora masa kashi 20 cikin 100. Idan kuma kamfani mai zaman kansa ne ke sayarwa da sunan kansa, ba a madadin jami'a ba, yafewar ba ta shafe shi ba. Ƙari a kan haka dokar tana bambanta abinci mai zafi da mai sanyi, da wanda aka ci a wurin da wanda aka tafi da shi. Ɗalibin da ya manta katinsa a ɗaki ranar Talata zai iya biyan fiye da abin da ya biya ranar Litinin, kuma ba wanda ya taɓa farashin.

Amurka ce ta kai abin ƙarshe, har farashin kansa ya ɓace. A yawancin jami'o'in da ke da ɗakunan kwana, ana tilasta wa 'yan shekarar farko su biya kuɗin abincin zango gaba ɗaya tun kafin a fara karatu. Abin da ake ba su iri biyu ne: adadin shiga ɗakin da ake ci har a ƙoshi, da kuma wani kuɗin kati da ake kashewa a shagunan harabar kaɗai. A wasu jami'o'in ana fara cire wani babban kaso daga abin da aka biya don albashi da kula da gini, sauran ne ke shiga kati, sannan a yi wa mai katin rangwamen rabi ko fiye a bakin na'ura. To nawa ne kuɗin farantin? Mai tsabar kuɗi ya biya cikakken farashi. Mai kati ya ga rabi a rasit ya yi murna, ya manta da abin da aka riga aka zaftare. Sannan wanda ya biya kuɗin shiga sau 200 amma ya shiga sau 150 kafin zango ya ƙare, kowane ci ya tsaya masa da ƙarin kashi ɗaya cikin uku, tunda a wurare da yawa abin da ya rage ƙonewa yake. Masu tsara farashi sun san da wannan sarai, da shi suke lissafi tun farko. Yawan abin da ke ƙonewa ne ma ya sa wasu ɗaliban Jami'ar Kaliforniya da ke Los Angeles (UCLA) suka kafa ƙungiyar Swipe Out Hunger a 2010, don a riƙa ba mabukata ragowar.

A ganina wannan tsari na kuɗin kati shi ne mafi haɗari a cikin duka, ba don ya fi tsada ba, sai don yana kashe ido. Wanda ke kashe kuɗin kati ba ya jin zafin da mai zaro kuɗi daga aljihu ke ji, musamman in iyayensa ne suka biya watanni da suka wuce. Shagon da ya san yawancin masu zuwa da kati za su biya, kuma kuɗin katin ba ya aiki a waje, ba shi da wani dalilin rage farashi.

Minti goma tsakanin lacca biyu

Masana tattalin arziki suna da ƙa'idar da ke cewa abu iri ɗaya a kasuwa ɗaya farashinsa ɗaya ne, domin in wani ya tsawwala, masu saye za su koma wurin maƙwabcinsa. Ƙa'idar na aiki ne kawai idan mai saye ya san farashin maƙwabcin kuma zuwa can bai fi ƙarfinsa ba. Masanin tattalin arziki George Stigler ya nuna a 1961 cewa neman farashi shi kansa yana da tsada, kuma yawan saɓanin farashi a kasuwa ma'auni ne na yawan abin da masu saye ba su sani ba.

Ɗalibin da ya fito daga lacca da ƙarfe goma sha biyu saura minti goma, zai shiga wata da sha biyu daidai a hawa na uku, ba shi da kasuwa. Yana da shago ɗaya, wanda ke kan hanyarsa. Ko ya san akwai arha a ɗaya gefen harabar, sanin ba zai amfane shi ba. Haka wanda ke laburare da tsakar dare a makon jarrabawa, lokacin da aka rufe ko'ina sai inji. Mai sayarwa ba ruwa kaɗai yake sayar masa ba, har da kusanci da lokaci.

Ba duka ne son zuciya ba. Ƙaramin shago a ginin da ba kowa ke bi ba yana biyan ma'aikaci na awa ɗaya kamar yadda babban ɗaki ke biya, amma mutum goma ya sallama inda babban ya sallami ɗari. Buɗewa da dare na buƙatar ƙarin albashi. Kuma shekarar karatu gajera ce: makonnin koyarwa kusan talatin ne a yawancin ƙasashe, sauran lokacin harabar fayau take, amma firji na ci gaba da shan wuta, ma'aikatan dindindin na karɓar albashi. Sai dai da zarar an yarda cewa mai saye ba shi da wurin gudu, an yarda ke nan cewa babu abin da ke taka wa farashi birki sai imanin mai sayarwa ko sharaɗin kwangila.

Filayen jirgin sama sun daɗe da fuskantar wannan. Wasu sun sa dokar cewa shago ba zai sayar da abu fiye da yadda ake sayar da shi a gari ba, ko kuma ya ɗora ɗan kaso ƙayyadadde. A 2022, bayan an yi ta cece-ku-ce a kan giyar da aka sayar dala 27 a filin LaGuardia, hukumar da ke kula da filayen jiragen New York da New Jersey ta tsaurara dokarta: farashin gari, da ƙarin da bai wuce kashi 10 cikin 100 ba. Babu abin da ya hana jami'a rubuta irin wannan layi a kwangilarta. Abin da kan hana shi ne kamashon da za ta samu zai ragu.

Inda sakaci ya shigo

Farashi ba ya motsi lokaci ɗaya. Kuɗin cin abinci na zango sau ɗaya ake yanke shi a shekara, sai majalisar jami'a ta amince. Shagon kayan gwangwani kuwa yana bin takardar dillali, duk sanda sari ya tashi shi ma ya tashi. Reshen babban kamfani yana jiran umarni daga hedikwata. A shekarun da kaya ke zaune lafiya ba a lura da wannan. Amma a watan Maris na 2022, makonni kaɗan bayan Rasha ta mamaye Yukren, ma'aunin farashin abinci na FAO, hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ya kai matakin da bai taɓa kaiwa ba, alkama da man girki suka yi tashin gwauron zabi. A irin wannan shekara shagon da ke gyara farashi kowane wata da ɗakin da aka ɗaure shi har ƙarshen shekara sai su yi hannun riga, daga baya kuma na biyun ya yi tsalle ɗaya mai firgitarwa don ya kamo.

Canza farashi shi kansa aiki ne, kuma inji ya fi kowa taurin kai. Tarihin Coca-Cola ya nuna haka: daga 1886 har zuwa ƙarshen shekarun 1950 ana sayar da shi senti 5 a Amurka, kuma ɗaya daga cikin dalilan shi ne injinan sayarwa an ƙera su ne su karɓi tsabar senti 5 kaɗai. Har yau injin da ke karɓar tsaba yana tafiya ne da farashi mai zagaye, kuma tsofaffin sai ma'aikaci ya zo ya buɗe ya gyara su ɗaya bayan ɗaya. Injina biyu a gini ɗaya na iya saɓawa don kawai an gyara na ƙasa ba a hau sama ba.

A tsaya a bakin na'ura a duba abin da ke faruwa. Ma'aikaciya tana da allo mai maɓallai da yawa, layi ya kai ƙofa. Ɗalibi ya miƙo faranti mai shinkafa da kayan lambu da yanki ɗaya na kaza. Akwai maɓallin haɗaɗɗen abinci mai rangwame, akwai kuma maɓallin kowane abu shi kaɗai. Wadda ta daɗe a aikin ta san haɗin, ta danna ɗaya. Sabon ɗalibi da aka ɗauka aikin wucin gadi makon jiya ya danna uku. Kofin kofi kuma, matsakaici ne ko babba? Madarar waken soya da aka zuba ana ƙara mata kuɗi ko ba a ƙarawa? Mazubin tafi-da-gidanka kyauta ne? Kowace tambaya tana da amsa a wata takarda a ofis, amma a bakin na'ura hannun wanda ke tsaye ne ke yanke hukunci. Sannan farashin yana zaune a wurare huɗu da ba su haɗu ba: allon bango, takardar kan kanta, cikin na'ura, da manhajar waya, wadda sau da yawa ke da nata ƙarin don biyan kamfanin da ya ƙera ta. Ludayin mai zubawa ma farashi ne. In jiya an cika shi yau an rage, kuɗin abinci ya tashi ko da lambar da ke allo ba ta motsa ba.

Wannan kashi na sakaci shi ne ba shi da wata kariya, kuma shi ne mafi sauƙin gyara. Wasu dokoki sun ɗauke shi da muhimmanci. A jihar Michigan ta Amurka, idan na'urar shago ta caje mutum fiye da farashin da aka rubuta, yana da haƙƙin a mayar masa da bambancin, a ƙara masa ninki goma na bambancin, kada ya gaza dala 1 kada ya wuce dala 5. Tarayyar Turai kuma tun 1998 ta wajabta wa shaguna nuna farashin kowace lita ko kilo a gefen farashin kaya, abin da ke tona asirin kwalbar mililita 500 da ta 600 da ido ke ɗauka ɗaya ce.

Me ya sa abin ke ƙona rai haka?

Kuɗin da ake magana a kai ƙanana ne a kowace saye, amma fushin da suke haifarwa ya fi su girma. A 1986 masana uku, Daniel Kahneman da Jack Knetsch da Richard Thaler, sun tambayi mutane game da shagon da ya ƙara kuɗin shebur na kwashe ƙanƙara washegarin da aka yi guguwar dusar ƙanƙara. Kashi 82 cikin 100 suka ce rashin adalci ne. Binciken ya nuna mutane kan haƙura da ƙarin da ya biyo tashin kuɗin kaya, abin da ba su yafewa shi ne ƙarin da aka yi don an ga sun matsu. Coca-Cola ya ɗanɗana wannan a 1999, lokacin da labari ya fita cewa yana gwada injin da zai ɗaga farashi idan zafi ya tsananta. Suka ta yi yawa har kamfanin ya nesanta kansa da batun.

Matsalar ɗalibi ita ce daga inda yake tsaye ba zai iya gane wane irin ƙari ne a gabansa ba. Haraji, kamasho, albashin dare, kuskuren maɓalli da cin gajiyar matsuwarsa duk lamba ɗaya suke fitowa a rasit. Ga kuma abin da ya bambanta jami'a da filin jirgi: ita ta ce ita uwa ce, ta karɓi kuɗin makaranta, wani lokaci ta tilasta sayen abincinta, sannan ita ce mai gidan haya da ke cin kaso daga kowace kwalba. Riƙe waɗannan matsayi biyu ba laifi ba ne a kan kansa, kuɗin kamasho na iya tafiya ga gyaran gini ko tallafin karatu. Abin da ba ya karɓuwa shi ne ta amsa ƙorafi da cewa ɗan kwangila ne ke yanke farashi, kamar ba ita ta sa hannu a takardar da ta ba shi dama ba.

Saboda haka neman a mayar da komai farashi ɗaya a duk harabar ba shi ne mafita ba, kuma yana iya juyewa ya ciji masu nemansa, domin abu mafi sauƙi ga mai sayarwa shi ne ya ɗaga na ƙasa ya kamo na sama, ko ya rufe ƙaramin shagon da ba ya biyan kansa. Ƙungiyar ɗaliban da ke son ta yi tasiri za ta fi cin nasara idan ta zaɓi kaya kaɗan da kowa ke saye, kamar ruwa, shayi, kofi da abinci guda mai ƙosarwa, ta nemi a daidaita su ko'ina, a bar sauran su bambanta. Ta nemi a wallafa duk farashin a wuri ɗaya tare da girman kowane abu, a kuma sa ƙa'idar cewa in allo da na'ura suka saɓa, mafi arha ne ke aiki. Famfon ruwan sha kyauta a kowane gini ma yana rage wa inji ƙarfi fiye da duk wata takardar koke.

Babban abin dai yana cikin kwangila: kashi nawa jami'a ke karɓa, sau nawa aka yarda a ɗaga farashi a shekara, da wane ma'auni, wa ke cin rangwamen dillalai, kuma yaushe wa'adin zai ƙare. A ƙasashen da ke da dokar 'yancin samun bayanai, jami'ar gwamnati na iya zama tilas ta bayar da takardar idan an nema, ko da za ta rufe wasu lambobi da sunan sirrin kasuwanci. Ranar ƙarewar wa'adin ita ta fi komai amfani, domin kwangilar shekara goma ta fi zaman ɗalibin digirin farko ninki biyu, kuma watannin da ake tattauna sabuwa su ne kaɗai lokacin da ake iya ƙara layi ko a goge.